Daga Katsina Zuwa Badun da Na'urar Ƙirga Haske

Litinin: Katsina zuwa Funtuwa

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na fito daga gidana a Ƙofar Kwaya, akwati rungume a ƙirjina, jaka a kafaɗa. Uwargida ta rako ni har zaure tana cewa, "Malam, sau huɗu ke nan kana taɓa aljihun nan. Takardar tana ciki." Na ce na sani. Da na kai bakin titi na sake taɓawa.

Sunana Iro. A aji shida na firamare karatuna ya tsaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kula da ɗakin gwaji a sashen fiziks na wata babbar makaranta a nan Katsina: shara, goge tebura, tada janareta, kulle ƙofa. Wannan tafiya na yi ta ne a farkon damina, shekara ta uku bayan sojoji sun koma bariki. Abokan aiki sun dame ni da tambaya, shi ya sa na rubuta ta sau ɗaya kowa ya karanta.

Abin da ke cikin akwatin na'ura ce da ba ta fi kwalbar lemo girma ba, da ido na gilashi a gaba, an rufe shi da baƙin murfi. Dakta Lawal, shugaban ɗakinmu, ya taɓa yi mini bayani cewa haske ƙwaya-ƙwaya yake kamar gero, in ya yi ƙanƙanta ƙwarai wannan na'ura tana ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, lambar ta fito a ƙaramin allo. Ɗalibarsa, Malama Hauwa ta unguwar Kambarawa, shekara biyu tana aiki da ita. Takan ɗebo ƙasa daga tsohuwar ganuwa ta ɗumama, ƙasar ta fitar da ɗan hasken da ido ba ya gani, daga yawansa a lissafa shekarun ginin.

Wata biyu ya rage a yi mata jarrabawar ƙarshe. Malamin da zai zo daga wata jami'a ya aiko cewa ba zai duba aikin ba sai an kai na'urar inda ake da kayan awo, an kawo takardar shaida. Wurin da ya yarda ya auna mana yana Ibadan, wato Badun. Dakta yana tsakiyar jarrabawar ɗalibai, Malama Hauwa ba ta daɗe da haihuwa ba. Sai aka ce Iro ya je, shi ne ba ya sakaci. In na'urar ta lalace a hannuna, ko awon bai yi kyau ba, jarrabawar Malama Hauwa ta wuce ta.

Dakta ya gindaya mini sharuɗɗa uku: kada a buɗe murfin a cikin haske, kada ta sha zafi, kada ta bugu. Ya kuma ce in tafi da littafina. Ko an rufe na'urar ruf, takan ƙirga wani abu kaɗan na kanta, shi muke kira ƙirgen duhu, kuma sai an cire shi daga abin da Malama Hauwa ta samu kafin a san hasken ƙasar. Wata bakwai ni ke ɗaukar wannan ƙirge kullum kafin ta fara aiki, in rubuta a littafin. Babu gogewa ko ɗaya a cikinsa.

A masallacin tasha na yi asuba. Motar Funtuwa doguwar fijo ce, direban sunansa Sale. Na biya kuɗin kujera biyu kamar yadda Dakta ya ce.

"Mi ke ciki, Malam, da har shi ma sai an biya mashi kujera?"

"Na'urar makaranta ce."

"To tunda fasinja ce, ta yi mana addu'ar tahiya."

Mun tashi shida saura minti goma. Batagarawa shida da minti biyar, manoma sun riga sun fita da garmunansu. Dutsin-Ma ƙarfe bakwai. Bayan nan muka tarar da shingen 'yan sanda, a wurin da a da sojoji ke tsayawa. Sajan ya leƙo, idonsa ya faɗa kan akwatin da ke zaune shi kaɗai a kujera. Na miƙa takardar makaranta, ya karanta, ya ce duk da haka a buɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwatin zan buɗe maka, amma baƙin murfin nan in aka cire shi a rana an gama da ni." Ya leƙa ya ga soso da ƙarfe, ya ce, "Tocila ce ashe." Na buɗe baki zan gyara masa, Sale ya taka mini ƙafa. Muka wuce.

Malumfashi takwas da rabi, Funtuwa tara da kwata. Sale ya ce kilomita wajen ɗari biyu muka ci. Na sha shayi da burodi a tsaye, akwatin tsakanin ƙafafuna.

Funtuwa zuwa Mokwa

Bas ɗin kudu ba ta cika ba sai goma da minti arba'in. Na sake biyan kujera biyu, na samu gaba, kusa da direba, na ji daɗi, har muka yi tafiyar rabin awa na gane cewa injin a ƙarƙashin kujerar yake. Ƙarfen ya ɗauki zafi. Na ɗora akwatin a cinyata, na lulluɓe shi da farin mayafi, ina tura hannu ciki ina ji. Kujerar da na biya masa ta zauna fanko har wani mai kaji ya matso ya cike ta.

Hanyar Birnin Gwari daji ne da ramuka. Duk ramin da na hango sai in ɗaga akwatin sama. Direban, wani mai suna Ɗanlami, ya kalle ni ya ce, "Baba, haka za ka yi har Mokwa? Hannunka zai cire." Na ce masa a hankali dai. Ya ce a hankalin ke nan.

Birnin Gwari ƙarfe ɗaya, Tegina uku da kwata. A nan aka tsaya salla. Na ajiye akwatin a gabana na haɗa azahar da la'asar, amma da na sallame na kasa tuna ko na karanta sura a raka'a ta biyu, don hankalina yana kan wata akuya da ke shawagi kusa. Na tashi na sake. Ɗanlami yana ta danna oda. Tun ina yaro haka nake, abin da ban tabbata da shi ba sai na maimaita.

Mun shiga Mokwa shida da minti goma, bas ɗin a nan ta tsaya. Na kama ɗaki a gidan baƙi bayan tasha, mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Kafin magariba na fita neman abinci wurin wata Banufiya mai tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi. Daga gaisuwata ta gano ni.

"Bakatsine! Ashe bawana ne ya zo gaishe ni. Me ka goyo haka kamar mai jego?"

Ni ban iya wasa ba, amma tsakaninmu da Nufawa dole ne. Na ce, "Abin da ke ciki ya fi ƙarfin mutanen da ba su san komai ba sai kifi."

"Kifin da za ka lashe kwano a kansa? Zauna, bawan Allah, kafin yunwa ta kayar da kai a ƙofata a ce ni na kashe Bakatsine."

Ta ƙara mini kan kifi ba ta karɓi kuɗinsa ba. Na ci da hannu ɗaya.

Talata: Mokwa zuwa Badun

Shida da minti ashirin muka tashi a ƙaramar mota. Bakwai da 'yan mintoci muka hau gadar Jebba. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba, amma rabin gadar idona a rufe yake. Ilori ƙarfe tara, na canja mota. Daga nan Hausa ta fara ƙaranci, ruwan sama ya tsuge, hanya ta matse, tankokin mai suna bin juna kamar tururuwa.

Tsakanin Ogbomosho da Oyo abin da nake tsoro ya faru. Wata tanka ta tsaya ba zato, direbanmu ya taka birki, na tafi gaba, gefen akwatin ya daki ƙarfen kujera. Na ji wani ɗan sauti, ƙwas. Ban san ko daga ciki ne ko daga marfin akwatin ba. Buɗe baƙin murfin in duba idonta ba dama. Na kara kunnena ina girgiza shi a hankali, sai na tuna girgizar ma laifi ce, na daina. Daga nan har Badun ban san me muka wuce ba. Fuskar Malama Hauwa kawai nake gani, ranar da ta shigo ɗakin gwaji da cikin wata takwas tana ɗauke da bokitin ƙasa.

Mun sauka ɗaya da rabi. Tasi ta kai ni Sabo, unguwar Hausawa, gidan Alhaji Garba mai goro, ɗan'uwan Dakta ne ta wajen uwa. Shekara talatin yana Badun amma bakinsa bai bar Katsina ba. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi mutanen da rabinsu sun rasu. Na ba shi labarin birkin.

"Ka buɗe ka gani ta hwashe?"

"Ba a buɗe murfinta, Alhaji."

"To ba ta hwashe ba sai gobe. Ci tuwo."

Laraba: Ɗakin awo

Ƙarfe takwas ina ƙofar sashen fiziks na jami'ar Badun. Wadda za ta yi awon ana kiranta Madam Ronke, Bayarabiya, gajera, da tabarau rataye a wuya. Ina haɗa Turancin da zan gaishe ta da shi sai na ji ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya hanya? Ya ka baro su Dakta?" A Funtuwa aka haife ta, mahaifinta mai ɗaukar hoto ne a can. Ban bari ta zauna ba na gaya mata maganar birkin. Ta ce, "Yanzu za mu tambaye ta da kanta."

Ɗakin an shafe shi da baƙin fenti, ba taga, sanyin na'urar sanyaya ɗaki har cikin ƙashi. Ta kashe fitila, ta kunna wata 'yar ja mai rauni, sannan ta fito da na'urarmu ta ɗaura a kan dogon teburin ƙarfe. Ta ce a bar ta awa biyu a rufe ta huce daga hanya. Na zauna a benci a waje na yi awa biyun.

Da muka koma ta yi mini bayani, kuma na roƙe ta ta maimaita don in rubuta. Ta ce, "Ba mai iya shiga cikinta ya ga yadda take gani. Abin da ake yi shi ne a aika mata abin da aka riga aka san yawansa, a ji me za ta ce. Kamar mudun kasuwa ne, in kana shakkarsa sai ka zuba masa hatsin da ka auna a sikeli."

A ƙarshen teburin akwai fitilar leza mai siririn haske. Ta fara auna ƙarfinsa da wani ma'auni nasu da aka tabbatar da shi a waje. Sannan ta jera baƙaƙen gilasai a gabansa, kowanne an san nawa yake ragewa, har hasken ya ɓace wa ido ɗungum. Ta yi lissafi a takarda, ta ce yanzu ta san kimanin ƙwaya nawa ke isa idon na'urar a daƙiƙa ɗaya. Ta cire murfin. Lambobi suka fara gudu a allo.

"Tana da rai," in ji ta. "Birkinka bai yi mata komai ba."

Na ce alhamdu lillahi har sau nawa ban sani ba. Ta canja gilasai ta sake, ta canja ta sake, wajen sau goma sha biyu, tana rubutawa. Bayan azahar ta riƙa cire gilasan ɗaya-ɗaya don hasken ya ƙaru, ta nuna mini inda ƙirgen ya fara kasa bin hasken. Ta ce duk ƙwayar da na'urar ta kama sai ta ɗan ƙifta, wadda ta zo a lokacin ƙiftawar ta wuce ba a gan ta ba, kuma tsawon ƙiftawar ma ana auna shi. Ta ce a ƙasashen waje akwai wata dabarar: wani dutse mai fitar da ƙwayoyin haske tagwaye, a tura Hassan wurin wata na'ura, Husaini wurin wadda ake gwadawa, duk sanda aka ga Hassan ba a ga Husaini ba an san an yi asarar ɗaya. Ta ce su ba su da kuɗin dutsen.

Ƙarfe huɗu ta ajiye biro. "Cikin ƙwaya ɗari tana kama goma sha takwas."

A makarantarmu mai sha takwas cikin ɗari korarsa ake yi. Na ce, "Madam, ke nan ta lalace."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. "Haka irinta suke. Ba a ce ta kama duka ba, an ce a san nawa take kamawa. Lafiyarta lau. Bar mini littafinka in duba, gobe ka zo ka karɓi takarda."

Ranar na ci tuwon Alhaji har da ƙari.

Alhamis: Littafin

Na same ta tara saura kwata, littafina a buɗe a gabanta. Ba ta yi dariya ba yau. Ta ce in zauna gaban na'urar, murfi a rufe, in ɗauki ƙirgen duhu sau goma yadda na saba. Na danna. Ashirin da biyu. Goma sha huɗu. Ashirin da biyar. Goma sha tara. Na janye hannuna na ce ko haske yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta ce ba ya shigowa, in ci gaba. Har goma babu biyu da suka zo a jere iri ɗaya.

Ta kashe na'urar sanyaya ɗaki, ta ce mu je mu sha shayi. Bayan awa biyu ɗakin ya yi ɗumi, na sake dannawa. Talatin da takwas, arba'in da shida, talatin da uku.

Ta juyo da littafin wajena. "Malam Iro, wata bakwai. Talatin, talatin da ɗaya, ashirin da tara, talatin. Ba ta taɓa wuce talatin da biyu ba, ba ta taɓa sauka ƙasa da ashirin da takwas ba. Har da bazarar Katsina. Yaya aka yi?"

Na ji daɗin tambayar, don na ɗauka yabo ne ke zuwa. Na ce ranar farko Dakta ya gaya mini wajen talatin zan riƙa gani. To in na danna na ga arba'in, na san daga gare ni ne: ko ban toshe ƙofa da kyau ba, ko ban jira ta huce ba, ko na taɓa waya. Sai in gyara in sake, har sai ta ba da daidai, sannan in rubuta.

"Waɗanda ba daidai ba fa, ina ka rubuta su?"

"Ban rubuta ba, Madam. Ba na son ɓata littafi."

Ta ajiye biro a kan littafin. Sannan ta ce, a hankali, "Malam, ba kuskurenka ba ne take ƙirgawa. Halinta ke nan. Ko wanda ya ƙera ta bai san lambar da za ta fito a gaba ba. Abin da ake iya sani shi ne tsakiyar lambobin da kuma faɗin warwatsuwarsu, kuma zafi yana ɗaga su. Waɗanda ka zubar, su ne ƙirgen."

Na tambaye ta me wannan zai yi wa Malama Hauwa. Ta ce a watannin zafi wataƙila duhun ya kai arba'in da wani abu, ita kuwa talatin take cirewa. Ragowar ta shiga lissafi a matsayin hasken ƙasa, ganuwar ta fito ta girmi shekarunta. Nawa ne, ba mai iya sani yanzu. Aikin lokacin sanyi mai yiwuwa Dakta ya ceci wani abu a ciki, na bazara kuwa sai an sake, da sabuwar ƙasa, don wadda aka ɗumama ta riga ta ba da haskenta. Wata uku, in an yi sauri.

Ta miƙo mini takardar shaida mai hatimi. "Wannan ta na'ura ce, kuma gaskiya ce. Malamin da zai zo ita ya nema, ba lalle ya buɗe littafinka ba. Ni ba a aiko ni duba littafi ba, karambani na yi. Mako ɗaya ba zan ce wa Dakta komai ba. Ya fi kyau ya ji daga bakinka."

Da yamma na gaya wa Alhaji Garba a shagonsa, yana zaɓen goro.

"Takarda ta hito da kyau?"

"Ta fito."

"To mi ya rage? Ganuwar nan in an ƙara mata shekara ɗari wa zai yi ƙara? Kana da iyali, Iro. Ita ma Bayarabiyar nan in ka roƙe ta za ta bari."

"Sunan Malama Hauwa ne zai hau kan littafin, Alhaji, da lambar da ni na ƙirƙira."

"Ba ƙirƙira ka yi ba, zaɓe ka yi." Ya ɗaga goro ɗaya ya jefa a kwandon gefe. "Ni ma shi nike yi tun sahe." Ya ga ban yi dariya ba, ya ce, "To Allah shi ba ka sa'a. Ni dai na hwaɗa maka nawa."

Juma'a da Asabar: Komawa

Ƙarfe shida muka bar Badun a bas mai zuwa Funtuwa kai tsaye. Ilori goma, Mokwa sha biyu da rabi, a nan muka samu Juma'a. Ban je wurin mai tuwo ba, ba ni da bakin wasa. Akwatin yana cinyata kamar da, amma sau biyu na farga mun faɗa rami ban ɗaga shi ba. Ina ta shirya maganar da zan yi. A Tegina na yanke shawarar in ce Madam ta ga 'yar matsala a littafi. Kafin Birnin Gwari na gane wannan ma zaɓe ne. Mun isa Funtuwa bayan isha'i, na kwana a masaukin direbobi.

Asabar bakwai da rabi na samu motar Katsina, muka shiga gari sha ɗaya da kwata. Ban biya gida ba. Acaba ya kai ni makaranta, na tarar da Dakta a ofis cikin tulin takardun jarrabawa. Na ajiye akwatin, na ba shi takardar. Ya karanta fuskarsa ta washe, ya ce, "Na san ba zan ji kunya ba." Ban zauna ba. Na ajiye littafin a kan takardar na faɗa masa duka, yadda ya faru.

Ya buɗe shafi ɗaya, ya buɗe na biyu, ya dafe kansa. "Wata bakwai ban buɗe littafin nan ba. Matsakaicin ƙirgen mako kawai nake karɓa, ina ganin talatin ina murna. Kuma ni na ce maka talatin." Ya rufe. "Hauwa fa? Ni zan gaya mata ko kai?"

Na ce ni.

A motarsa muka je Kambarawa. Maigidanta ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta fito da jaririyar a kafaɗa. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba Iro, na'urata lafiya?" Na ce na'ura lafiya lau, ni ne ba lafiya ba. Na maimaita abin da na gaya wa Dakta, idona a kan tabarma.

Jaririyar ta motsa, ta gyara mata zani. Sannan ta ce, "A bazara sau nawa kake dannawa kafin ka samu talatin?"

"Wata rana sau ashirin. Wata rana fiye."

"Shi ya sa nake tarar da abincinka a rufe ba ka ci ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ba zan ce maka ba komai ba, Baba, don da komai. Jarrabawar bana ta wuce ni." Ta juya wajen Dakta. "Malam, a rubuta wa malamin a ce sai baɗi." Ta sake juyowa. "Ƙasar kuwa ni ba zan iya hawa ganuwa da goyo ba. Kai za ka haƙo."

Na ce ni zan haƙo.

La'asar na shiga gida. Uwargida ta kalle ni ta ce na'urar ta fashe ne? Na ce ba ta fashe ba, ta ba ni ruwa tukuna.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sale da Ɗanlami da suka yi haƙuri da ni, da baiwar Allah ta Mokwa, da Alhaji Garba da iyalinsa, da Madam Ronke da ta duba abin da ba a sa ta ba. Dakta bai kai maganata sama ba, Allah ya saka masa. Malama Hauwa kuwa ba godiya ce tsakanina da ita ba tukuna. Bokiti huɗu na haƙo mata zuwa yanzu, saura bakwai.

Dakta ya sayo sabon littafi, ya ƙara layi na rubuta zafin ɗaki. Yau da hantsi na danna sau goma. Na bakwai ya ba da arba'in da huɗu. Na tashi na duba ƙarƙashin ƙofa, ba zan ɓoye ba. Sannan na dawo na rubuta arba'in da huɗu.